Ciyar da mara lafiya ta robar hanci a ɗakin kulawa ta musamman: shin abin da ake ba Baba ya ishe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina ɗan shekara 64 ne, yana da hawan jini da ciwon suga. Kwana huɗu ke nan yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman bayan jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. An sa masa na'urar numfashi, an kuma zura masa roba ta hanci. Abin da ke damunmu shi ne, duk bayan awa uku nas takan zuba masa abin da bai wuce sirinji ɗaya ba na wani abinci mai kama da madara, alhali tun kafin mu kawo shi ya yi kusan mako guda bai ci abin kirki ba. Mutum ne mai jiki, ya kai kilo 70, amma ga shi yana ramewa a kan idonmu. Shin ba yunwa ake bar shi da ita ba? Ƙarin ruwan da ake yi masa zai iya tsaya masa a madadin abinci? Kuma za mu iya kawo kunu da zuma daga gida a riƙa zuba masa? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. A rana ta huɗu, ga mutumin da ke kan na'urar numfashi kuma ya yi mako bai ci ba kafin ya kwanta, wannan ɗan abin da kike gani ana zubawa ba sakaci ba ne, da gangan ake farawa da kaɗan. Sai dai daga yanzu ya kamata adadin ya riƙa ƙaruwa kullum, kuma idan mako ya cika yana nan a sirinji ɗaya ba tare da wani dalili da likitoci suka bayyana muku ba, to kuna da hakkin ku tambaya, har ku nace sai an ba ku amsa. Ƙarin ruwa ba ya maye gurbin abinci. Kunu kuwa yana iya shiga cikin tsarin, amma ba irin wanda muka saba damawa a gida ba, kuma ba da hannunku za a zuba shi ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar sa robar hanci a matsayin alamar an fid da rai, wasu iyalan ma sukan ƙi amincewa da ita saboda wannan tsoro. Gaskiyar ita ce ana sa ta ne domin ana sa ran mara lafiya zai tashi, kuma ana son ya tashi da sauran ƙarfinsa. Ƙungiyar ƙwararru kan abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, a jagoranta na 2019 da ta sabunta a 2023, ta ce a fara ciyarwa ta hanji cikin awa 48 na farko idan mutum ba zai iya ci da baki ba, takwararta ta Amurka, ASPEN, ta ce tsakanin awa 24 zuwa 48. Dalilin gaggawar bai tsaya ga ƙoshi ba. Bangon hanji yana samun wani ɓangare na abin da yake rayuwa da shi ne daga abincin da ke wucewa ta cikinsa, kuma a jikin wannan bango ne wani babban kaso na garkuwar jiki yake zaune, yana tare ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji kada su ƙetara zuwa jini. Hanjin da aka bari babu komai yana lalacewa kamar gidan ƙasa da ba kowa a ciki, damina ɗaya ta isa ta zaizaye katangarsa. Saboda haka ko da abin da ake zubawa bai kai ya ƙosar ba, yana yin aikin riƙe hanjin.

Game da ƙarin ruwa, lissafinsa a bayyane yake. Ledar lita guda ta ruwan suga mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da giram 50 na suga, wato abin da bai wuce kalori 200 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), babu furotin mai gina tsoka a ciki, babu mai, babu bitamin. Ruwan gishiri kuwa ba shi da kalori ko ɗaya. Aikinsu shi ne riƙe jini a jijiya, da ba ƙoda abin da za ta yi aiki da shi, da kai magani. Akwai abinci na haƙiƙa da ake bayarwa ta jijiya, wata farar leda mai ɗauke da suga da mai da sinadaran furotin, wadda galibi ake bi da ita ta babbar jijiya kusa da wuya, amma ana ajiye ta ne domin wanda hanjinsa ba ya aiki ko ya kasa karɓar abin da ake ba shi. Tana da tsada, tana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma hanzarta ta ba alheri ba ne. Wani babban bincike da aka yi a Beljiyam kan marasa lafiya 4,640, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa waɗanda aka jinkirta musu abincin jijiya zuwa rana ta takwas sun fi saurin barin ɗakin kulawar, kuma sun fi kuɓuta daga sababbin cututtuka, a kan waɗanda aka fara musu tun kwanakin farko. Tun da hanjin Baba yana karɓa, roba ita ce hanyar da ta dace da shi.

Sai babbar damuwarki, wato ƙarancin abin da ake zubawa. Jikin da ke cikin tsananin ciwo ba ya tafiya kamar jikin mai lafiya da ya ji yunwa. A kwanakin farko hanta takan riƙa ƙera suga da kanta daga tsoka da kitse, kuma wannan aiki ba ya tsayawa don an kawo abinci daga waje. Idan aka zuba wa mutum cikakken abin da lissafi ya ce yana buƙata a daidai lokacin da jikinsa ke samar da nasa, sai abin ya yi yawa. Suga ya hau, kitse ya taru a hanta, iskar da jiki ke fitarwa bayan ƙona abinci ta ƙaru har cire shi daga na'urar numfashi ya yi wuya, tumbin da tun farko ya yi sanyi ya cika ya dawo da abin da ke cikinsa. An daɗe ana zaton yawan abinci tun farko zai ceci rai, sai bincike ya yi ta nuna akasin haka. A Amurka a 2012 an gwada mutum 1,000 masu ciwon huhu mai tsanani, rabi aka ba su ɗan kaɗan na kwana shida, rabi aka cika musu, ba a ga bambanci a mutuwa ko a daɗewa kan na'ura ba, sai dai waɗanda aka cika wa sun fi yin amai. A 2015 Farfesa Yaseen Arabi na Riyad ya jagoranci bincike a asibitocin Saudiyya da Kanada kan mutum 894, inda aka ba wasu kashi 40 zuwa 60 na kalorin da aka lissafa musu amma ba a rage musu furotin ba, kuma bayan kwana 90 yawan waɗanda suka rayu bai bambanta ba. A 2018 aka sake gwadawa a Ostireliya da Niyu Zilan kan kusan mutum 4,000, aka ƙara wa rabinsu kalori sosai, nan ma ƙarin bai ceci rai ba. A kan irin waɗannan hujjoji ne jagoran Turai ya ce a kwana uku na farko kada a wuce kashi 70 cikin 100 na buƙatar mutum, daga nan a hau a hankali zuwa kashi 80 har 100.

Akwai wani dalili da ya shafi Baba kai tsaye, kuma shi ne na fi so ku fahimta, domin ke da kanki kin ce ya yi kusan mako bai ci ba. Idan mutum ya daɗe da yunwa, sinadaran da ke cikin ƙwayoyin jikinsa, musamman fosfet da fotasiyam da maganiziyam, sukan ragu ƙwarai, ko da gwajin jini na farko ya nuna suna daidai. Da zarar an kawo abinci mai suga da yawa lokaci guda, jiki yakan saki insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, insulin kuma ya kwashe ɗan abin da ya rage na waɗannan sinadarai daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki. Fosfet shi ne abin da tsoka ke buƙata don ta motsa, har da tsokar numfashi da ta zuciya. Idan ya faɗi, numfashi yakan raunana, bugun zuciya ya rikice, jiki ya kumbura, wani lokaci mutum ya yi jijjiga ko ya mutu farat ɗaya, alhali iyalinsa suna murna an fara ciyar da shi sosai. Likitoci sun ga wannan a fili bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a jikin fursunonin da aka sako bayan doguwar yunwa, waɗanda wasunsu suka mutu bayan an ba su abinci. Maganinsa shi ne a fara da kaɗan, a ba da bitamin B1 kafin abinci ko tare da shi, a auna waɗannan sinadarai a jini kullum a kwanakin farko, a mayar da abin da ya ragu. Wani bincike na 2015 a Ostireliya da Niyu Zilan ya nuna cewa a cikin waɗanda fosfet ɗinsu ya faɗi bayan fara ciyarwa, waɗanda aka rage wa abinci na ƴan kwanaki sun fi rayuwa zuwa kwana 60 a kan waɗanda aka ci gaba da cika musu. Idan ba ku faɗa wa likitocinsa zancen makon da ya yi bai ci ba, ku faɗa musu yau. Gwajin fosfet yana cikin abubuwan da akan tsallake idan kuɗi ya yi kaɗan, kuma a ganina, ga mutum irin Baba, ya fi cancantar a biya masa kuɗi a kan wasu abubuwan da iyalai ke ɗawainiyar saye.

Haka kuma idan jinin mara lafiya ya faɗi ƙasa har ana ta ƙara masa maganin ɗaga shi, akan dakatar da ciyarwa ko a bar ta kaɗan ƙwarai, domin jinin da ke zuwa hanji a lokacin bai isa ya narkar da abinci ba, kuma matsa masa na iya kashe wani ɓangarensa.

Yanzu mu yi lissafin Baba. Mafi ingancin hanya ita ce a auna abin da jiki ke ƙonawa ta iskar numfashi da wata na'ura ta musamman, amma asibitoci kaɗan ne ke da ita, saboda haka akan yi amfani da nauyi, wato kalori 20 zuwa 25 a kowane kilo a rana, wasu su kai 30 idan an fara farfaɗowa. Ga mai kilo 70, kalori 25 a kilo ya ba da 1,750 a rana. Abincin roba na kamfani da aka fi sani yana da kalori ɗaya a kowace mililita. Sirinjin da kike gani yana ɗaukar mililita 50 zuwa 60, idan sau takwas ake zubawa a yini da dare, ya kama mililita 400 zuwa 480, kusan rubu'in buƙatarsa ke nan. Wannan ya yi daidai da matakin farawa. Don a kai ga 1,750, sai kowane zubi ya kai kusan mililita 220, wato sirinji huɗu, ko kuma a inda ake da famfon ciyarwa a sa shi ya riƙa ɗiga kusan mililita 70 a awa. Tsakanin inda yake da inda za a je akwai tazara, kuma a cikin kwana uku ko huɗu masu zuwa ne ake son a cike ta, matuƙar cikinsa na karɓa kuma gwajin jininsa ya ba da dama. Likitansa zai kuma cire abin da ke shiga ta wasu hanyoyi, kamar ruwan suga da wani farin maganin barci mai kama da madara wanda ke ɗauke da fiye da kalori ɗaya a kowace mililita.

Ramar da kuke gani gaskiya ce, ba idonku ba ne. Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2013, ya auna tsokar cinyar marasa lafiya a ɗakin kulawa ta musamman, ya ga ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a cikin kwana goma. Ciwon kansa ne ke cin tsokar, rashin motsi kuma ya ƙara, kuma sau da yawa kumburin ruwa yana ɓoye abin, sai ka ga hannu ya cika alhali kafaɗa da gefen goshi sun faɗa. Wannan tsoka ce mutum zai buƙata ya yi tari, ya yi numfashi da kansa, ya zauna, ya riƙe buta. Shi ya sa furotin yake da muhimmanci ƙwarai bayan kwanakin farko. Ma'aunin Turai shi ne a hau a hankali zuwa giram 1.3 a kowane kilo, na Amurka kuma giram 1.2 zuwa 2. Ga Baba, giram 1.3 ya kama giram 91 a rana, kwatankwacin furotin ɗin ƙwai goma sha biyar. Abincin kamfani na gama-gari yana da kusan giram 4 a kowace mililita 100, saboda haka ko an cika masa mililita 1,750, giram 70 kawai ya samu, sai an nemi nau'in mai yawan furotin ko an ƙara garin furotin. Amma a nan ma wuce gona da iri ba ya amfani. Wani bincike na ƙasashe da dama kan mutum 1,301 da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa ba da giram 2.2 ko fiye bai sa an warke da wuri ba, kuma ya cutar da waɗanda ƙodarsu ta taɓu. Mai ciwon suga da hawan jini dole a duba ƙodarsa kafin a ƙara masa. Abinci kaɗai ma ba ya tsayar da ramar, sai an haɗa da masu gashin ƙashi suna motsa masa gaɓoɓi, ana juya shi akai-akai, wanda hakan ke kuma kare shi daga gyambon kwanciya.

Wani abin da ke cutar da marasa lafiya bayan makon farko shi ne bambancin da ke tsakanin abin da aka rubuta a takarda da abin da ya shiga ciki. Binciken da aka yi a ɗakunan kulawa na ƙasashe da yawa ya nuna cewa a matsakaici mara lafiya yakan samu kusan kashi uku cikin biyar ne na abin da aka rubuta masa. Za a tsayar da abinci tun tsakar dare saboda za a ɗauki hoto da safe, hoton ya kai la'asar ba a yi ba. Roba ta toshe ko mara lafiya ya fizge ta, a kwana ba a mayar ba. Gwangwanin abinci ya ƙare, kuɗin saye bai samu ba sai gobe. Wani lokaci kuma nas ta zuƙo abin da ke tumbi ta ga mililita 150, ta tsallake zubi na gaba don tsoro, alhali jagoran Turai bai ce a dakatar ba sai abin ya haura mililita 500 cikin awa shida, ko akwai amai da kumburin ciki. Ko da tumbi ya yi nawa, akwai magungunan da ke sa ya tura abinci gaba, akwai kuma robar da ake zarcewa da ita har cikin ƙaramin hanji. Zawo ma ba dalilin yanke abinci ba ne nan take, domin galibi magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne ko magungunan ruwa masu zaƙi ke kawo shi, ko kuma rashin tsabtar abin da ake zubawa. A nan iyali ke da rawar takawa. Ku riƙa tambaya cikin ladabi a lokacin zagayen likitoci: nawa aka rubuta masa a yau, nawa ya shiga jiya, yaushe ake sa ran kaiwa ga cikakken adadi, kuma an kira masanin abinci na asibiti ya duba shi? Ku kuma tabbata abincin bai yanke ba, ku sayi na gobe tun yau.

Babban haɗarin ciyarwa ta roba shi ne abinci ya bi hanyar iska ya faɗa huhu, ya haifar da nimoniya, wato ciwon huhu. Don haka ake ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45 a lokacin ciyarwa da bayanta, ake zubawa a hankali ana barin abincin ya gangara da nauyinsa maimakon a danna sirinji da ƙarfi, ake kuma wanke baki sau da yawa a rana. Kafin a fara amfani da sabuwar roba dole a tabbatar tana cikin tumbi, ta hanyar hoton ƙirji ko ta gwada tsamin ruwan da aka zuƙo da takardar gwaji, wanda ake so ya nuna 5.5 ko ƙasa da haka. Tsohuwar dabarar hura iska a saurara da abin sauraron ƙirji ba abin dogaro ba ce, domin robar da ta shiga huhu ma tana iya ba da irin wannan ƙara. Ku lura da alamar da aka yi wa robar a bakin hanci, idan kun ga ta fito fiye da yadda take, ko filastar ta saki, ku sanar kafin zubi na gaba.

Ina roƙonku da babbar murya kada kowa ya ɗiga masa komai a baki, ko ruwa ne, ko zuma, ko ruwan Zamzam, ko rubutu. Na san niyyar alheri ce da neman tabarruki, kuma na san yadda yake da wuya uwa ko kawu su ga leɓensa ya bushe su kame hannu. Amma wanda jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa yakan rasa ikon haɗiya da ikon tari, cokali ɗaya yana iya wucewa huhu ba tare da ya nuna alamar ya ƙware ba. Idan kuna son a ba shi Zamzam, ku gaya wa nas, idan likita ya yarda za a iya bi da kaɗan ta roba ko a shafa masa a leɓe. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa a bar su gaba ɗaya, domin hanta da ƙodarsa suna fama da magungunan asibiti. Addu'a da karatu a gefen gadonsa ba wanda zai hana ku.

Sai batun kunu. Abincin kamfani ya fi, saboda an san abin da ke cikin kowace mililita kuma ba ya ɗauke da ƙwayoyin cuta, amma gaskiya ba kowane gida ke iya ɗaukar tsadarsa na makonni ba, kuma asibitocinmu da yawa suna amfani da abin da aka haɗa a kicin. Matsalar kunu ko koko tsagwaronsa ita ce, kafin ya iya bi ta siririyar roba sai an tsinka shi da ruwa, kuma idan aka tsinka shi sau da yawa ba ya kai rabin kalorin abincin kamfani, furotin kuwa ɗan kaɗan ne. Mutum zai sha lita biyu a rana, iyali su ga ana ta zubawa hankalinsu ya kwanta, shi kuwa yana ci gaba da ramewa. Abin da ke mayar da shi abincin jinya shi ne ƙari. Giram 100 na madarar gari mai cikakken mai yana ba da kusan kalori 500 da giram 26 na furotin. Ƙwai ɗaya dafaffe yana ba da kusan kalori 70 da giram 6. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ba da kusan kalori 120 ba tare da ya sa kunun ya yi kauri ba. Garin waken soya da aka soya aka dafa sosai, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne. Masanin abinci ne zai auna waɗannan gwargwadon nauyin Baba da sugansa da ƙodarsa, ya rubuta muku ma'auni na cokali da kofi, ya kuma ƙara bitamin da sinadaran da haɗin ba zai bayar ba. Dole a dafa komai, a niƙa shi lilis, a tace da rariya mai laushi, a bar shi ya huce zuwa ɗumin jiki, a yi amfani da shi cikin kusan awa biyu. Kunun da aka dama da asuba aka bar shi a fulas har dare, a zafin garinmu, ba na mara lafiya ba ne.

Wasu abubuwan kuma a kiyaye su. Kunun kanwa bai dace da mai hawan jini ba saboda gishirin da ke cikin kanwa. Nonon da ba a dafa ba da ɗanyen ƙwai suna iya kawo cuta. Dabino da zuma suna ɗaga suga nan da nan, dabino kuma yana da fotasiyam mai yawa wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. A ɗakin kulawa ana son sugan jini ya tsaya ƙasa da 180 a ma'aunin da yawancin injinan gwaji ke nunawa, ko 10 a ɗaya ma'aunin, amma ba a matsa shi ƙasa sosai, domin wani bincike na 2009 kan mutum 6,104 ya nuna cewa matsa shi zuwa na mai lafiya ya ƙara yawan mutuwa. Idan sugan Baba ya hau, gyaran shi ne a daidaita insulin da irin abincin, ba a hana shi abinci ba. Haɗarin da aka fi mantawa shi ne a tsayar da abinci saboda wani aiki, insulin kuma ya ci gaba da shiga, suga ya faɗi ƙasa, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya cewa yana jin jiri ba. Duk sanda kuka ga an dakatar da ciyarwa, ba laifi ba ne ku tambaya ko an rage insulin kuma ana ci gaba da gwajin suga na yatsa.

Ruwa da magani ma ta robar suke bi, kuma suna da ƙa'ida. Abincin kamfani kusan kashi 80 zuwa 85 nasa ruwa ne, sauran buƙatar likita ne ke lissafa ta gwargwadon fitsari da zazzaɓi da gishirin jini. Akan wanke robar da kusan mililita 30 na ruwa mai tsabta kafin abinci ko magani da bayansu, domin yawancin toshewa daga rashin wannan wankin take. Ba a haɗa magani cikin abinci, kuma ba kowace ƙwaya ake dakawa ba. Wasu magungunan hawan jini an yi su ne su riƙa narkewa sannu a hankali cikin yini, idan aka daka su sai ƙarfin yini guda ya shiga lokaci ɗaya, jini ya faɗi. Saboda haka ku kai wa likitoci dukan magungunan da Baba ke sha a gida da kwalayensu, su zaɓi wanda zai iya bi ta roba.

Idan Allah ya sa aka cire masa na'urar numfashi, kada ku yi gaggawar neman a cire robar hanci tare da ita. A wannan lokacin ne buƙatar jiki ke ƙaruwa domin ya fara gina abin da ya rasa, kuma a lokacin ne cin abinci ya fi faɗuwa, saboda maƙogwaro ya yi rauni, baki ba ɗanɗano, gajiya kuma ta hana shi gama ko rabin kwano. Dole a gwada haɗiyarsa tukuna, a fara da abu mai ɗan kauri domin ruwa tsinkakke ya fi saurin wucewa huhu, robar kuma ta ci gaba da cike giɓin har sai abin da yake ci da baki ya kai yawancin buƙatarsa na kwanaki a jere. Idan aka ga haɗiyar ba za ta dawo ba cikin mako huɗu zuwa shida, likitoci za su yi muku maganar wata gajeriyar roba da ake sawa ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi, wadda ta fi sauƙin kulawa a gida, ba ta kuma hana shi ci gaba da koyon ci da baki.